Bulon Jifa a Wasannin Mario: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka taɓo zancen tsofaffin wasannin Nintendo a wannan fili, saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma da yawansu a kan abu guda suke: bulon nan da Mario yake ɗauka ya yi jifa da shi. Da na jera saƙonnin sai na lura tushen rikicin ɗaya ne. Mutane sun ɗauka bulo iri ɗaya ne a duk wasannin, alhali kowane wasa da nasa bulon, da tasa dokar. Wani yana zama har ka gama da shi, wani ko ka riƙe shi da hannu biyu ba ya kai minti guda. Ga kaɗan daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Malam, ina buga Super Mario World a wayata. Na shiga ɓoyayyen gidan fatalwa na yankin Donut Plains, har na tarar da ƙatuwar fatalwar nan. Daɓen ɗakin duk shuɗin bulo ne. Ina ɗauka, amma kafin in yi jifa sai ya yi ta walƙiya ya ɓace a hannuna. In kuma na jefa sai ya bi ƙasa ya wuce abinsa. Rayukana sun kusa ƙarewa. Ko gem ɗin nawa ne ya lalace?
Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, gem ɗinka lafiyarsa ƙalau. Haka masu shi suka gina bulon tun fitowar wasan a Japan a watan Nuwamba na 1990. Muddin yana zaune a gurbinsa, zai zauna har abada. Da zarar ka cire shi, agogonsa ya fara tafiya, kuma walƙiyar da kake gani gargaɗi ce cewa 'yan daƙiƙu suka rage masa. Ko kana riƙe da shi, ko ka ajiye, lokacin na cika zai ɓace.

To kai abin da kake yi, ka fara ɗaukar bulo sannan ka shiga neman fatalwa. Juya tsarin. Big Boo, wato ƙatuwar fatalwar, tana dusashewa ta dawo, kuma a lokacin da ta dusashe babu abin da yake taɓa ta. Ka tsaya hannu wofi, ka zuba mata ido. Sai ka ga ta fara bayyana sosai, ka matsa ƙarƙashinta, a nan za ka ɗauki bulon da ke ƙarƙashin ƙafarka ka sake shi nan take. Tsakanin ɗauka da jifa kada ya wuce ƙiftawar ido biyu.

Maganar bin ƙasa kuwa, in ka saki maɓallin Y kawai, Mario shurin bulon yake yi gaba, kamar yadda yake yi da ƙoƙon kunkuru, ya zame a ƙasa har ya daki bango ya farfashe. Ita fatalwar a sama take yawo. Don haka ka riƙe Y, ka danna sama, sannan ka saki Y ɗin kana danne da saman. Bulon zai miƙe sama sak. Sau uku za ka same ta, shi ke nan.

Na san inda wahalar take a waya. A asalin hannun gem na Super Nintendo, an jera Y da B a karkace, ta yadda kan babban yatsanka zai kwanta a kan Y, cikin yatsan kuma ya riƙa taɓa B don tsalle, ba tare da ka ɗaga ba. A gilashin waya babu tudun da yatsa zai ji, yana ɗan zamewa ka saki bulo ba da niyya ba. In da hali ka nemi ɗan hannun gem mai haɗuwa da waya ta Bluetooth. In babu, shiga saitin ka ƙara girman maɓallan, ka kuma matso da Y kusa da B.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, ƙananan fatalwu biyu da ke cikin ɗakin. Halinsu sananne ne: in ka fuskance su sai su ƙame su rufe fuska, kana juya baya su taho. Su ne suka fi cinye ran mutane a nan, domin ido yana sama. Na biyu, daɓen. Duk bulon da ka cire ya bar gurbi, kuma a ƙarƙashin daɓen babu komai sai faɗuwa. Mai tsayawa wuri ɗaya yana ciro bulo yana kuskure, da hannunsa yake haƙa inda zai mutu. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere: ɗauki ɗaya a nan, matsa gefe ka ɗauki na gaba.

Ni a wurina wannan ɗaki yana cikin mafi kyawun abin da aka tsara a wasan kaf. Ba a ba ka makami daban ba, ƙasar da kake tsaye a kai ita ce makaminka, kuma duk jifan da ka ɓata ya rage maka wurin tsayawa. Babu wani rubutu da ya fito ya ce maka ka yi tsimi, ɗakin ne da kansa yake tilasta ka. Ga shi kuma yana horar da kai don abin da ke gaba. A faɗan ƙarshe da Bowser, babban abokin gābar Mario, yana shawagi a sama cikin wani kwanon jirgi mai fuskar ɗan kama, yana jefo ƙananan kunkurun ƙarfe. Sai ka taka su, ka ɗauka, ka cilla sama su faɗo masa a ka. Wanda bai iya jifan sama ba, ba zai ga ƙarshen wasan ba.

Kana cin Big Boo za a buɗe maka hanyar tauraro. Wasan yana da ƙofofin fita 96, amma ta wannan hanya masu tseren gama wasa suke isa wurin Bowser da ƙofa 11 kacal.

Tambaya: Ni da abokin aikina a shagon ɗinki mun kwana biyu muna musu. Na ce bulon POW da kai ake dukansa daga ƙasa, ba a ɗaukarsa. Shi kuma ya rantse da hannu yake ɗauka ya jefa. Mun yi da shi wanda ya faɗi zai sayi tsire. Raba mana gardama.
Daga wani tela a Katsina.

Amsa: Malam tela, sai dai kowa ya saya wa ɗan'uwansa, domin dukanku kun yi gaskiya. Wasa biyu daban kuke tunawa.

Naka shi ne Mario Bros. na 1983, wanda babu tafiya gaba a cikinsa, allo ɗaya ne da bututu a kusurwowi, kunkuru da kaguwa da ƙuda suna fitowa. POW ɗin yana rataye a tsakiya daga ƙasa. In ka dake shi da ka, duk maƙiyin da ƙafarsa ke taɓa daɓe sai ya kife. Sau uku yake ɗauka, yana ƙara lotsewa da kowane duka, a na uku ya ɓace. Ƙudan da ke sama lokacin dukan kuwa, ko a jikinsa.

Ban yi mamakin wannan ne ya zauna maka ba. Lokacin da nake tsare wa yayana shagon gem a Kano, yawancin abin da muke da shi irin kaset ɗin nan ne rawaya, wanda aka rubuta wa dubban wasanni a jiki, ka kunna ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Mario Bros. ba ya rasa shiga ciki. Kuma babu abin da ya haɗa yara faɗa a shagon nan kamar POW. Dalili kuwa, dukan da ke kifar da maƙiyi shi ne yake tayar da wanda ya riga ya kife. Yaro zai sha wahala ya kifar da kaguwa, wadda sai an dake ta sau biyu, ya ruga zai shure ta, yana dab da ita sai abokin wasansa ya daki POW. Kaguwa ta miƙe, ta cinye shi. Mai laifin ya ce ai taimako ya zo yi. Sau da yawa sai na zare waya daga bango kafin a yi shiru.

Abokinka kuma Super Mario Bros. 2 yake tunawa, wanda ya fito a Amurka a 1988. A can kana hawa kan POW ka ɗaga shi sama da kanka, ka jefa, yana dira ƙasa allo ya girgiza, maƙiyan wurin su mutu. Amma sau ɗaya ne, ba uku ba.

Bari in ɗan tsawaita a nan, don labarin wannan wasa shi ne labarin bulon jifa ɗin kansa. Asalinsa ba wasan Mario ba ne. A Japan an riga an fitar da wani Super Mario Bros. 2 a 1986, mai kama da na farko amma da tsananin wahala, sai reshen Nintendo na Amurka ya ga ba zai karɓu a can ba. Aka waiwayi wani wasa mai suna Doki Doki Panic, da Nintendo ta yi a 1987 tare da gidan talabijin na Fuji don wani bikin baje koli nasu. Taurarinsa iyali ne mai mutum huɗu cikin shigar Larabawan tatsuniya. Aka cire su, aka sa Mario da Luigi da Toad da Gimbiya Peach. Shi ya sa wasan ya fita daban da 'yan'uwansa: taka maƙiyi ba ya kashe shi, sai dai ka hau kansa ka ɗauke shi ka jefi wani da shi.

Wanda ya jagoranci aikin, Kensuke Tanabe, ya bayyana daga baya cewa gwajin farko da aka yi ma wasa ne na hawa sama, mutum biyu suna ɗaukar bulo suna ɗora wani kan wani, har su ɗauki juna su jefa, don su kai inda tsalle ba ya kaiwa. Ke nan ɗaukar bulo ya riga sauran wasan zuwa, a kansa aka gina komai. Japanawa da kansu sai a 1992 suka samu wasan da sunan Super Mario USA. Ɗaukar POW a jefa kuma ya dawo a New Super Mario Bros. Wii na 2009, don haka yaran yanzu bayan abokinka za su goya.

Tambaya: Ina taya yarana buga Super Mario Bros. 2, kuma Gimbiya nake ɗauka kullum saboda shawaginta. Mun maƙale a duniya ta 4, wurin dodon wuta. Na jefe shi ya rabu gida huɗu, ƙananan suka gama da ni. Ina mafita?
Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, kin riga kin ci rabin faɗan. Sunan dodon Fryguy, yana ƙarshen mataki na 4-3, kuma makaminki a ɗakin shi ne bulon nan mai siffar naman kaza.

Wannan bulo shi ne kishiyar wanda na yi wa ɗalibin Zariya bayani. Ba ya walƙiya, ba ya ɓacewa, ba ya fashewa. Inda ya faɗi nan zai zauna, ki sake ɗauka ko sau nawa ne. Kuma yana hawa kan ɗan'uwansa. Saboda haka babu abin da ke korar ki, kina da damar shirya ɗakin yadda kike so kafin ki yi jifa na uku, wanda shi ne yake raba dodon. Ki tara bulo biyu ko uku a saman dakalin ɗakin. Ƙananan a ƙasa suke tsalle-tsalle, kowanne jifa ɗaya yake buƙata, kuma daga sama za ki riƙa sako musu bulo ba tare da kin shiga tsakiyarsu ba. In bulon sama ya ƙare, ki jira su yi nisa, ki sauka ki ɗauko ɗaya ki koma.

Zancen Gimbiya kuwa, ba zan raba ki da ita a kan ƙanƙarar duniya ta 4 ba, shawaginta yana ceton rai a wurin santsi. Sai dai a cikin su huɗun ita ce ta fi nawa wajen ɗaga kaya. Ki lura da yadda take sunkuyawa ta ɗan jima kafin bulon ya hau kanta; a wannan ɗan tsakanin ne wuta take samun ki. Toad shi ne ya fi kowa sauri, kafin ki ankara ya ɗaga, kuma kaya ba ya rage masa gudu. Tsallensa ne gajere, amma akwai magani: ki danne ƙasa har jikinsa ya fara walƙiya, sannan ki yi tsalle, zai kai sama sosai. In naku na cikin tarin Super Mario All-Stars ne na 1993, duk lokacin da kika rasa rai za a ba ki damar sauya ɗan wasa. A asalin na 1988 sai an shiga sabon mataki.

Dabarar ɗorawa za ta sake yi miki amfani a duniya ta 6, wurin Tryclyde, macijin nan mai kai uku da kuka wuce a duniya ta 2. Ki gina 'yar katanga da bulo a gabansa ta tare wutar da yake tofowa, ki riƙa jifa ta samanta. Haka ma dodanniyar da ake kira Birdo: mai ruwan hoda ƙwai take tofowa, ki hau ƙwan ki mayar mata, amma akwai irin da wuta kaɗai take fitarwa, ita sai da bulo. A Doki Doki Panic, abin da ke wurin wannan bulo fuskar dodo ce irin ta sassaƙa, aka sauya zanen ya zama naman kaza don ya dace da duniyar Mario.

Tambaya: A Super Mario Bros. 3 akwai wani ɗan buzuzu da yake jifana da farin bulo. Ni ma zan iya?
Daga wani makaranci a Kumasi.

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa. Bulon ƙanƙara ne. Ka tsaya a gefensa ka danna B ka riƙe. Shi ma yana walƙiya ya ɓace bayan 'yan daƙiƙu, kuma a wannan wasa babu jifan sama, shuri gaba ne kawai. Sunan buzuzun Buster Beetle, yana da gudu, ga shi da saurin hannu. Kada ka tsaya kana takara da shi a kan bulo. Taka shi sau ɗaya ya isa, ka fara da shi tukuna, sannan bulon wurin duk su zama naka.

Tambaya: Ina karatun kwamfuta. Me ya sa wani bulon yake ɓacewa wani kuma yake zama? Ƙarancin ƙwaƙwalwar na'ura ne ko ganganci?
Daga wata ɗaliba a Bauchi.

Amsa: Ƙanwata, tambayarki ta yi mini daɗi. Na'urar NES, wato tsohuwar na'urar gem ta Nintendo da ta riga Super Nintendo, gida biyu take raba abin da ke kan allo. Akwai shimfiɗar baya, wadda aka jera da ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 tsaye 8 kwance, huɗu daga ciki su ba da bulo guda. Wannan ba ta da tsada, ko allon ya cika da bulo na'ura ba ta damu ba, don ba ya motsi. Sai kuma abubuwa masu motsi, irin su Mario da maƙiya. Su na'urar guda 64 kaɗai take iya zanawa a lokaci ɗaya, kuma ba fiye da 8 a layi guda na kwance ba. In sun wuce haka, sai masu wasan su riƙa nuna su bi da bi, shi ne ƙyaftawar da kike gani in maƙiya sun yi yawa. Ƙwaƙwalwar aikinta kuwa kilobayit 2 ce.

To bulon jifa yana da ƙafa a gida biyun. Yana zaune, shimfiɗa ne. Kina ɗauka sai wasan ya goge shi daga shimfiɗar, ya ƙirƙiro abu mai motsi a madadinsa, wanda dole a riƙa lissafa faɗuwarsa da karonsa da komai. Gurbin irin waɗannan abubuwa kaɗan ne, don haka tilas a san yadda za a kwashe su. Super Mario Bros. 2 ya zaɓi ya mayar da bulon naman kaza shimfiɗa da zarar ya dira. Ki gwada ki gani: ko a karkace kika jefa shi, sai ya ɗan gyara zama ya hau layi daidai. Shi ya sa yake ɗoruwa, shi ya sa kuma ba ya ɓacewa. Super Mario Bros. 3 da Super Mario World suka zaɓi su sa masa wa'adi.

Ke nan matsin na'ura gaskiya ne, amma bai tilasta amsa ɗaya ba, tunda ga hanya biyu an bi. A ganina zaɓin ya bi halin kowane wasa ne. Na 1988 wasa ne na tsayawa a duba wuri, a ɗauko mabuɗi daga can a kai can, a ɗora bulo a hau, shi ya sa ma ba a sa masa agogon mataki ba. Sauran biyun wasannin gudu ne, agogo yana ƙirgawa a gefen allo. Da an bar mutum ya riƙe bulon da ba ya ƙarewa daga farkon mataki zuwa ƙarshe, da ya zama garkuwar da ke share masa hanya kyauta. In kin tashi rubuta naki ɗan wasan don aikin makaranta, ki fara da irin na naman kaza, ya fi sauƙin bin diddigin kuskure, domin kullum kin san inda bulonki yake.

Tambaya: Yayana ya ce akwai sirrin da ake dannawa a Super Mario Bros. na farko Mario ya ɗauki tubali. Da gaske ne?
Daga wani yaro ɗan firamare a Gusau, ta wayar mahaifinsa.

Amsa: Ɗana, yayanka tsokanar ka yake yi. A wasan 1985, duk matakansa 32, Mario ba ya ɗaukar komai da hannu. Tubali sai dai ya fasa shi da ka in ya girma, ƙoƙon kunkuru kuma ya shure shi. Amma ga sirri na gaske da za ka rama da shi: in rayukanka sun ƙare an dawo da kai allon farko, ka riƙe A sannan ka danna Start, za ka ci gaba daga farkon duniyar da ka mutu a ciki. Kada ka gaya masa sai ya ba ka hannun gem tukuna.